Agidin da Na Dama wa Bishiyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da lokacin da aka ba ni renon bishiya a cikin kwalba, kuma ko ni na so in manta, matan unguwarmu a Kazaure ba za su bari ba. Har yau in ana hira a gidan suna aka gangaro kan maganar karambani, sai in ga ana satar kallona ana danne dariya da bakin mayafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta abina da hannuna, tunda an sha wahala an koya mana a ajin yaƙi da jahilci, kafin wata ta riga ni ta ƙara masa gishiri.

Abin ya faru ne a shekarun nan na bayan babban fari, lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, muna cikin jihar Kano tukuna. Gwamnati ta ɗauki dashen itace da zafi, wai a tare hamada. Duk hanyar da mutum ya bi, ta Roni ko ta Babura, sai layin darbejiya da bishiyar turare 'yan ƙanana, an kewaye su da ƙaya saboda awaki.

'Yata ta fari tana auren wani malamin daji a lokacin. (Ba zan kama sunanta ba, kun san 'yar fari ce. A gida "yarinyar nan" nake cewa, kowa ya san wadda nake nufi. Shi ma mijin, Malamin Daji ya ishe shi.) Yaro ne mai hankali, mai sanyin murya, in yana magana sai ka matso. Ni ma kuwa haka Allah ya yi ni. Maigidana yakan ce da za a haɗa muryata da ta surukina a ƙwarya ɗaya, ba za su tashi kaza daga kan tabarma ba.

Yarinyar nan tana da cikin fari, ya tsufa. Sai ga labari wai za a ɗauke mijinta daga Kazaure a mai da shi wata cibiyar binciken itatuwa can kudu, inda sai an kwana a jirgin ƙasa. Uwa ba ta nuna damuwa a kan 'yar fari, sai a ce ba ta da kunya. Amma tuwo ya daina wuce mini.

Wata rana da la'asar ta zo gida. Maƙwabciyata Tabawa mai ƙosai tana nan, mace mai baki kamar reza, aminiyata tun muna amare. Yarinyar nan ta zauna kusa da ita tana ba ta labari, ni kuma ina gefe ina tsintar shinkafa kamar ba na ji. (Haka muke hira da ita. Ta faɗa wa Tabawa, ni in ji.)

Ta ce, "Gwaggo Tabawa, ai akwai sauran dama. Ya je cibiyar ya koyo wani sabon aiki, ya taho da wata irin bishiyar turare ta ado. Ganyenta zagaye kamar sule, fari-fari kamar an shafa masa hoda. Gidajen manya da bakin ofisoshi ake ƙawatawa da ita. Kuma ba daga iri ake shuka ta ba."

Tabawa ta ce, "To daga me? Ƙwai take yi?"

"A'a Gwaggo. Ɗan tohonta ake yankowa, bai fi ƙwayar gero ba, a wanke shi da magani, a sa a kwalba a kan wani abinci nata. Sai ya yi ta 'ya'ya a ciki. A raba su a wasu kwalaben, su ma su yi ta yi. Daga uwa ɗaya sai a cika gari, kuma duk kamarta sak. Na iri kuwa wani ya yi kyau wani ya ƙi."

"Ikon Allah! Bature bai bar komai ba. Saura ya sa ɗan akuya a kwalba."

"To babbansu zai zo daga Kano ranar bikin dashen itace. In ya ga sun rayu a garin nan, za a buɗe ɗan ɗakin renon kwalba a Kazaure, shi za a ba. Kin ga ba inda za mu."

Ban san lokacin da na watsar da tsintacciyar shinkafa na riƙe tsakuwar ba. Ba inda za su! A raina na ce, ya Allah ka raya kwalaben nan ko da ni za a rage wa kwana.

Ashe addu'ata har ƙofar ɗakina za ta biyo ni. Gidansu na gwamnati ne, rufin kwano, da rana kamar tanda. Ofishinsu ma haka. Shi kuma an tura shi rangadi Roni da Gwiwa da Yankwashi rabon dashe, ba zai dawo ba sai safiyar biki. Ɗakina kuwa soro ne na ƙasa, bango mai kauri, ga taga tana duban gabas, ko ana tsakiyar bazara sai ka ji kamar cikin randa. Sai ya yanke shawara a nan zai ajiye su.

Da maigidana yana nan da duk wannan bai faru ba, don shi za a yi wa bayani a zaure, maza su fahimci juna. To ya tafi Kanya Babba ta'aziyyar kawunsa, ya zauna ana sasanta maganar gona. Saboda haka dole Malamin Daji ya yi magana da ni.

Ina jin tsayuwar motar ofishinsu, Landiroba, na faɗa ɗaki na saki asabari. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya shigo da akwatin katako a rungume kamar mai ɗauke da jariri. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ni kuma ina ciki na ja mayafi har hanci, na juya wa ƙofa baya. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Sannan ya fara bayani.

Jama'a, ƙasa yake yi wa bayanin nan, ba ni ba. Ni kuma bango nake saurare da shi. Tsakaninmu ga asabari, ga mayafi, ga zakaran Tabawa da ya zaɓi lokacin ya hau katanga. Abin da ya iso kunnena bai wuce guntaye ba: "...haske, amma ban da rana..." sai kuma "...sanyi..." can kuma "...in farar saiwa ta fito, an yi nasara." Duk inda ya ja numfashi sai in ce, "To. Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya yi wata doguwar magana a tsakiya, har na ji muryarsa ta ɗan tashi kamar mai roƙo. Na so in ce ya maimaita. Amma yaya zan ce wa suruki ya maimaita? Sai ka ce ina jin daɗin hirar.

Ya ce, "Inna, an gane ko?"

Na ce, "An gane sarai."

(Daga baya na san abin da doguwar maganar ta ƙunsa. Cewa ya yi, don girman Allah, ko me zai faru, kada a buɗe murfin ko ɗaya.)

Yana fita na jawo akwatin na buɗe. Wayyo, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba! Kwalabe ne gajeru masu faɗin baki, an jera su cikin ciyawa. A gindin kowace akwai wani abu fari-fari daskararre, a kansa kuma ga 'yan bishiyoyi cunkus, ba wadda ta kai tsawon ɗan yatsana. Da rassansu da komai. Ganyen kamar ƙumbar jariri. Na ɗaga ɗaya a hasken taga. Daji guda a tafin hannuna! Na jera su a kan teburin kwanukana, na sauke tasoshin aurena ƙasa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Kafin magariba unguwa ta ji. Mata suka yi ta shigowa, wasu da goyo, wasu da ludayi a hannu. Ni da ba na iya magana a taro, sai ga ni ina bayani kamar malamar asibiti. "Ba daga iri ba ne. Toho ne. Daga uwa ɗaya sai a cika gari." In aka tambaye ni abin da ban sani ba, sai in yi murmushi in ce, "Ai ilimi ne mai zurfi."

Tabawa ce ta fara. Ta sa ido a jikin kwalba ta daɗe, sannan ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Ke, wannan ai zalunci ne. An toshe musu baki ruf. Ta ina suke shan iska?"

Na ce, "Haka aka kawo su."

"Haka aka kawo su saboda hanya, kada su zube a mota. Yanzu da suka sauka fa? Ke in kika yi baƙo, barinsa kike yi da takalmi a ƙafa? Dubi yadda suke gumi."

Na duba. Gaskiya jikin kwalaben ya yi raɓa daga ciki. Ni mace ce mai haƙuri, ban taɓa su ba ranar. Amma duk sanda na wuce sai in ga kamar suna kallona. Na raini 'ya'ya, na raini 'yan kaji, na raini ɗan tunkiyar da uwarsa ta ƙi, ban taɓa jin rayayyen da ake toshewa ba ci ba sha ba. Kuma ai ya ce sanyi. Wane sanyi ya wuce iskar safiya?

Washegari bayan na idar da salla na yi bisimilla na murɗe murfin farko. Na jira in ga ko wani abu zai faru. Ba abin da ya faru. Har na ga kamar ganyen ya ɗan miƙe. Sai na buɗe sauran duka, na kai su bakin taga, na zauna ina yi musu fifita a hankali.

A nan ne na lura abin nan na gindinsu ya ja baya. A wasu ya tsage, a wasu ya janye daga jikin kwalba. Abincinsu ke nan da yarinyar nan ta faɗa, kuma ga shi yana ƙarewa, mai shi yana Gwiwa. In suka mutu da yunwa a ɗakina, da wane ido zan dubi jama'a?

Na wanke hannu, na sa ɗan ƙaramin yatsa na lakato kaɗan, na ɗanɗana. (Ku yi mini uzuri. Mai girki da harshe take bincike.) Santsi, sanyi, ga ɗan zaƙi-zaƙi can ƙasa. Na sake ɗanɗanawa. Sai dariya ta kama ni ni kaɗai. Na leƙa ta katanga na kira Tabawa.

"Zo ki ji abin da ake ta kira ilimi mai zurfi. Agidi ne!"

Ta ɗanɗana, ta tauna baki. "Wallahi agidi ne. Kuma ma bai ji sukari ba. Hannun namiji ne."

Ban taɓa yin agidi da natsuwa irin na ranar ba. Na zaɓi farar masara ƙwaya-ƙwaya, na jiƙa, na kai niƙa da kaina, na tace da sabon mayani har sai da ya zama kamar madara. Na dama a wuta marar hayaƙi, na jefa sukari mai ƙwaya wanda nake ajiye wa baƙi. Da ya huce na ɗauko ƙaramin cokalin da nake ba yara magani, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da bisimillarta. Wadda na ga ta fi rama na ƙara mata. Na ɗiga musu ruwan randa don kada ya shaƙe su.

Haka na ci gaba. Da safe iska, in rana ta yi a rufe. Ba a daɗe ba, wata safiya na ɗaga kwalba sai na ga wani farin abu siriri-siriri, lallausa kamar auduga, ya fito a kan agidin ya kewaye gindin 'yan bishiyoyin. Na duba ta biyu, haka. Ta uku ma har ta fi.

Farar saiwa!

Ni da ko a bikin ƙanwata ban yi guɗa ba, ranar na rangaɗa ta har kaji suka watse. (Kada ku tambaye ni ko ban taɓa ganin tuwon da ya kwana biyu a kwano ba. Na gani. Amma wanda yake jiran baƙo, ko kututture ya hango sai ya ce ga shi nan tafe.)

Na aika wa yarinyar nan, ta bakin Tabawa, cewa su kwantar da hankali, bishiyoyi sun yi ƙiba, farar saiwa ta cika kwalabe. Ita ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya fitowa ta gani. Ta faɗa wa direban Landiroba, direba ya kai wa Malamin Daji a Gwiwa. Shi kuma don murna ya aika wa babbansu cewa ga shi an yi nasara, kuma a ɗakin ƙasa, a hannun surukarsa wadda iyakar karatunta ajin manya. Babban ya ce lalle wannan baiwar Allah ta zo ta yi wa jama'a bayani da bakinta.

Da saƙon ya dawo mini sai da na zauna. Ni? A gaban manya? Tsoro ya kama ni, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi da ban taɓa ji ba. Na shiga gwada jawabi ina shara, ina gwadawa ina tankaɗe.

Mata kuwa suka ƙaru, har daga wasu unguwanni. Tabawa ta ja ni gefe ta ce, "Ke, baki fa gaskiya ne. Kowa ya shigo sai ya ce kai, kai, ba mai cewa tubarkalla. Abin da ya yi kyau ɓoye shi ake yi." Na ga gaskiyarta. Na ba su agidi na sallama, na ɗaure murafen tam, na jera su a babbar fanteka, na lulluɓe da bargon maigidana, na kawo sabuwar atamfata na naɗe, na tura bayan gado. Na ce ba mai sake ganinsu sai babban Kano. Ni ma ban sake leƙawa ba, don kada in ɓata ɗaurin.

Ana gobe biki maigidana ya dawo. Yana shiga ɗaki ya ɗaga hanci.

"Me ke tsami a nan?"

Na ce, "Daddawa ce, Malam."

Har ga Allah na ɗauka ita ce.

Ranar biki aka kafa rumfa a gandun renon itace da ke kusa da dam. Ga kujeru, ga 'yan makaranta a jere, ga wakilin hakimi, ga masu unguwanni, ga lasifika an ɗaura a jikin darbejiya. Na sha lalle, na ɗaura zanen da na yi wa ajiyar salla. Landiroba ta ɗauko mu, Tabawa ta sauko da fanteka a ka tana taku kamar mai kai gara.

Malamin Daji ya taho da sauri, ya rame da rangadi amma fuskarsa kamar gonar auduga. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kau da kai na amsa. Ya miƙa hannu zai ɗaga atamfar.

Tabawa ta buge hannun. "Kai, Malam! Ba a buɗe amarya sai a gaban dangin ango."

Ya yi 'yar dariya, ya dube ni, ya ji nauyin ya matsa a gabana. Kafin ya sake magana motar babban ta shigo, kowa ya miƙe. Aka ɗora fanteka a kan tebur a tsakiyar rumfa, a naɗe.

Babban dattijo ne mai tabarau, fari, mai fara'a. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka dasa bishiya aka tafa. Sannan Malamin Daji ya yi bayanin renon kwalba, ya ce kafin a buɗe, ga wadda ta riƙe amanar. Aka miƙo mini abin magana.

Na ce, "Assalamu alaikum."

Sai na ji muryata ta fito daga jikin darbejiya, ƙatuwa, ta bugi duwatsu ta dawo. Ni ce wannan? Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa jina daga nesa ba. Wallahi wani abu ya hau kaina. Duk kunyar nan ta gudu.

Na gode wa Allah, na gode wa gwamnati, na gode wa malamarmu ta ajin manya. Na ce renon bishiya da renon ɗa duk ɗaya ne, haƙuri ne da lura. Aka tafa. Babban ya gyaɗa kai. Sai na ƙara gyara tsayuwa.

"Abu na farko, kullum da safe nakan buɗe musu baki su sha iska."

Malamin Daji yana tsaye a gefen tebur. Na ga ya lallaɓa ya nemi kujera ya zauna. Na ce a raina, gajiyar hanya ce, bawan Allah.

"Abu na biyu, da na ga abincinsu ya ja baya, ban tsaya jiran kowa ba. Na ɗanɗana, na gane agidi ne, na dama musu sabo."

Babban ya cire tabarau. Rumfa ta yi tsit. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa su.

"Kuma ina ba gwamnati shawara, da girmamawa, in za a dama na gaba a sa mace a aikin. A kuma ɗan saki hannu da sukari."

Tabawa ta rangaɗa guɗa. Na juya na kama bakin atamfa, na warware, na yaye bargon da hannu ɗaya kamar mai buɗe sabon masallaci.

Warin ne ya fara isa. Na layin gaba suka ja baya da kujerunsu.

Jama'a, ban san launi ya kai haka yawa a duniya ba. Wata kwalbar kore shar, wata baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, wata ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo. Wata ta yi gashi ya cika ta har wuya, sai ka ce gemun tsohon bunsuru. Ɗaya ta kumbura ta ture murfinta, ta yi kumfa ta zubo, tururuwa sun yi sahu a kan bargon Malam suna ta hidima. Funfuna ce, irin wadda kowace mace ta sani, ta ci ta ƙoshi ta yi 'ya'ya da jikoki. 'Yan bishiyoyina kuwa sun narke a ƙarƙashi kamar lalo a miya.

Can sai wani tsoho daga cikin masu unguwanni ya miƙa wuya ya ce, da zuciya ɗaya, "To wai wacce ce bishiyar a ciki?"

Shi ke nan. 'Yan makaranta suka fara, manya suka karɓa. Wakilin hakimi ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na waiga neman Tabawa, sai bayanta na hango tana ratsa layin dashe da sauri kamar an ce ƙosanta na ƙonewa.

Na ce, "Innalillahi, na shiga uku, na kashe su!"

Na manta abin maganar yana bakina. An ce har masu jiran mota a bakin titi sun ji.

Babban ya mai da tabaransa, ya share hawaye, ya matso ya karɓi abin daga hannuna a hankali. Ya ce, "Baba, agidinki ba shi da laifi. Ga shi waɗanda suka ci ya karɓe su." Aka sake fashewa. Sannan ya yi wa jama'a bayani, ni ma a nan na fara ji. Wai iskar nan da muke shaƙa cike take da ƙwayoyin funfuna da ido ba ya gani. Shi ya sa ake dafa kwalbar da abincin cikinta a tukunya ta musamman, a rufe, don ɗan tohon ba shi da ƙarfin kokawa da kowa. Buɗewa ɗaya ta isa. Ni kuwa na buɗe, na yi fifita, na sa yatsa, na kawo gara.

Abin da ya fi ƙona ni ba dariyar ba ce. Malamin Daji ne ya miƙe, ya zo gaban babban ya rusuna, ya ce da 'yar muryar nan tasa, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ban yi bayani yadda za a ji ba."

Babban ya dafa kafaɗarsa. Ya ce aikin nan yana son ɗaki nasa na kansa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikatan da aka horar, kuma ya ga alama da sauran lokaci kafin a kai nan. Ya ce Malamin Daji ya shirya ya koma cibiya. A gabana aka faɗa.

Ban shiga Landiroba ba. Da ƙafa na koma gida ta bayan gari, fanteka a ka, mayafi har ƙirji. Maigidana bai ce mini komai ba sai da ya ga bargonsa. Ya ɗaga shi da sanda ya ce, "Wannan daddawar taki ta yi ƙarfi."

Na daɗe ban leƙa ko zaure ba. Rannan da hantsi na ji sallamar Malamin Daji. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a inda ya saba, ya fara gaida ƙasa. Na tashi na naɗe asabarin da hannuna, na fito na zauna a dokin ƙofa, na dube shi. Sai da ya firgita.

Na ce, "Malam, ɗago. Ban ji abin da ka faɗa ba ranar nan, na ce na ji. Na raba ka da garin nan. Ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Inna, wallahi ba komai. Ko da sun rayu ba lalle ne a ba mu ɗakin ba." (Na san lallashi ne, amma na karɓa.) Ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Can ya ce, "Inna, don Allah... da gaske har da sukari?"

Na ce, "Na baƙi ma kuwa."

Ya kifa kai a gwiwa. Ni ma na kasa riƙewa. Muka yi ta dariya ni da surukina a tsakar gida, har Tabawa ta leƙo ta katanga, karo na farko tun ranar, ta ce, "Au, an huce? To ni dama iska kawai na ce."

Yarinyar nan a ɗakina ta haihu, namiji. Na yi mata wankan jego, ta yi arba'in, sannan muka raka su tashar jirgi a Kano. Ban yi kuka a gabanta ba. Da na dawo na shiga madafa na hura ɗanyen itace, don in an tambaya in ce hayaƙi ne. Shekaru suka yi a can. Jikana ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya fara magana, duk a bakin masu zuwa nake ji.

Sau ɗaya na je musu. Malamin Daji ya kai ni wurin aikinsu, na leƙa ta gilashi na ga ɗakin, fari fat, kwalabe jere har sama, ma'aikata da ƙyalle a hanci. A bakin ƙofa ga uwar bishiyar tsaye, ganyenta yana walƙiya kamar an watsa sulalla. Ya yi mini bayani da ƙarfi, yana dubana, na yi ta tambaya har ya gaji. Amma hannuwana a baya na harɗe su tun daga shiga har fita, ba wanda ya sa ni.

Darasi biyu na ɗauka. Na farko, kunya ado ce, amma a fuska ake sa ta, ba a kunne ba. Yanzu ko suruki ne ko sarki, in ya ba ni ajiya sai na ce, "Ɗaga murya, maimaita." Na biyu, ba duk abin da ya yi shiru ne yake jin yunwa ba. Na farkon ya zauna daram. Na biyun kuwa jikokina sun ce da saura, don har gobe duk wanda ya shigo ɗakina ya yi shiru, kafin ya ankara kwano yana gabansa.